Fasa-ƙaba da 'Yan'uwanta: Hakin Garka da Ke Shiga Tukunya

Manufofin darasi

Bayan an kammala wannan darasi, ana son kowane ɗalibi ya iya:

1. gane fasa-ƙaba da idonsa da hannunsa, ya kuma bambanta ta da tsirran da ke kama da ita;
2. faɗin inda take fitowa a yankunan Madawa, Buza da Keita, da lokacin fitowarta;
3. bayyana dalilin da ya sa take da wuyar kashewa a garka;
4. lissafa amfaninta a abinci, da magani, da kiwo, ya kuma san iyakar wannan amfani;
5. ƙirga ranar da ya halatta a tsinki ganye bayan an yi feshin magani.

1. Mece ce fasa-ƙaba?

Duk wanda ya taɓa noman albasa a kwarin Tarka, daga Ƙarofan zuwa Madawa har Sabon Gida, ya san wani haki mai kwanciya a ƙasa, mai jan kara da ganye mai kauri, wanda ke shimfiɗuwa a cikin fangali tsakanin sahun albasa. Mai garka na tuge shi ya jefar a bakin rijiya, bayan 'yan kwanaki ya tarar ya sake kama ƙasa. Wannan haki shi ne fasa-ƙaba. Wasu garuruwa na ce mata halshen saniya, wasu babba-jibji. Masana tsirrai na kiran ta *Portulaca oleracea*, a takardun Faransanci kuma za ku ga an rubuta *pourpier*.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan. Sunan babba-jibji a wasu wurare zaƙami ake nufi da shi, wato haukata-yaro, wanda guba ne mai gusar da hankali, yana ma iya kisa. Saboda haka suna kaɗai bai isa a dogara da shi ba. Wanda zai sa ganye a bakin iyalinsa sai ya san tsiron da kamanninsa.

> Akwati na 1
> Haki: duk tsiron da ya fito a gona ko garka ba tare da an shuka shi ba. Kasancewarsa haki ba ya nufin ba shi da amfani.
> Sunan kimiyya: suna mai kalmomi biyu da masana na duniya suka amince da shi, domin kada a rikita tsiro da wani saboda bambancin harshe ko na gari.

2. Kamanninta

Ku ɗauko tsiro guda a gabanku yayin karanta wannan sashe, domin gani ya kori ji.

Saiwarta guda ce mai nutsewa ƙasa, da 'yan ƙanana a gefenta. Daga tushe rassa ke fita ta kowane ɓangare suna kwanciya. Karan sumul yake, ba gashi ko kaɗan, launinsa ja-ja ne, idan kuma aka karya shi ruwa garai ne ke fitowa, mai ɗan yauƙi. Ganyen ƙarami ne, mai kauri da sheƙi, siriri a gindi, mai faɗi a kai, yakan taru a ƙarshen reshe. Furen rawaya ne, ƙarami ƙwarai, yawanci mai kunnuwa biyar. Da hantsi yake buɗewa idan akwai rana, ya rufe kafin azahar, shi ya sa mutane da yawa sun shekara suna tuge ta ba su taɓa ganin furenta ba. Bayan fure sai ɗan ƙoƙon iri ya fito, kamar ƙaramar tukunya da murfinta. Idan ya nuna murfin ya faɗi, sai baƙaƙen 'ya'ya ƙanana su zube.

Akwai tsirrai biyu da kan ruɗi mai tsinka. Na farko gadon maciji, shi ma mai kwanciya ne, amma ganyensa ya fi faɗi da zagaye, biyu-biyu suke fuskantar juna, ɗaya babba ɗaya ƙarami, furensa kuma fari ne ko ruwan hoda. Na biyu shi ne dangin nonon kurciya masu rarrafe. Karansu siriri ne, ganyensu ba kauri, idan aka karya su farin ruwa ne ke fita. Wannan farin ruwa yana ƙona baki da ido, kuma ba a cin su.

*Misali na 1.* Wata uwargida a Tamaske ta aiki ɗanta ya tsinko mata fasa-ƙaba a bayan gari. Ya kawo ƙwarya cike. Kafin ta wanke sai ta zube ganyen a faifai, ta riƙa ɗaukar reshe tana karyawa. Wanda ya ba da ruwa garai, mai kaurin kara, ta mayar cikin ƙwarya. Ta tarar da wasu sirara masu fitar da farin ruwa, ta ware su ta zubar, ta kira yaron ta nuna masa bambancin, sannan ta wanke hannunta. Aikin bai ɗauke ta tsawon dahuwar shayi ba, yaron kuma ya koyi abin da zai riƙe har girmansa.

3. Inda take fitowa a ƙasar Adar

Ƙasar Adar ba iri ɗaya ba ce. Akwai tudun duwatsu da fako inda ruwa ke gudu bai shiga ƙasa ba, akwai jigawa mai yashi inda ake hatsi, akwai kuma fadama a cikin kwari. Ruwan sama a yawancin shekaru yana tsakanin milimita 300 da 500, Keita a arewa ta fi ƙarancinsa, Madawa a kudu ta fi samu. Fasa-ƙaba ta fi son ƙasar da aka motsa, mai taki, wadda rana ke bugu: garkunan albasa da tumatir, bakin rijiya, gefen turken dabbobi, juji, da gonakin ban-ruwa irin na ƙarƙashin madatsar ruwan Ibohaman. A kan fako da ƙyar ake ganinta.

Irinta yana son zafi da haske kafin ya tsira. A tsakiyar ɗari takan yi sanyin fita, da zarar iska ta fara ɗumi sai ta cika garka, ta ci gaba a bazara duk inda ake ban-ruwa, da damina kuma ta bazu har cikin gonaki. Ku lura da wannan: tana samuwa a bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ɗanyen ganye ya yi tsada a kasuwa.

Gyaran ƙasa da aka yi a wannan yanki ya shafi haki kamar yadda ya shafi hatsi. A kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, an fara dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska a 1975, da taimakon ƙungiyar CARE. A Keita kuma, babban aikin raya karkara ya fara a 1984, da kuɗin ƙasar Italiya da haɗin gwiwar hukumomin FAO da PAM, inda aka yi shingayen duwatsu da ramuka da madatsun ruwa, mata ne kuma suka ɗauki mafi yawan aikin. Duk inda aka tsayar da ruwa ƙasa ta sha, tsirran da ake ci sukan dawo tare da ciyawar dabbobi. Ba a cika lissafa su cikin ribar irin wannan aiki ba, alhali suna shiga tukunya.

> Akwati na 2
> Mazaunin tsiro: irin wurin da tsiro ke samun ƙasa, da ruwa, da zafi, da hasken da yake bukata.
> Tsiro mai shekara guda: wanda ke tsira, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu cikin lokacin noma ɗaya. Fasa-ƙaba na cikinsu.

4. Me ya sa take da wuyar kashewa?

Dalilai uku ne, kuma sanin su na rage wa mai garka wahala.

Na farko, yawan iri da tsawon ransa. Cikin wata guda zuwa mako shida da tsirowa ta fara fure. Tsiro guda da ya samu wuri yana iya zubar da iri dubu gomomi. Irin kuma yana daɗewa a ƙasa bai mutu ba. A 1879 wani malamin tsirrai mai suna William Beal, a jihar Michigan ta Amurka, ya binne kwalabe 20 cike da yashi da irin haki daban-daban, ana tono ɗaya lokaci-lokaci a gwada. Irin fasa-ƙaba ya tsira bayan shekara 40 a cikin ƙasa.

Na biyu, ruwan da ta tara a jikinta. Idan aka tuge ta aka yar a ƙasa mai laima, guntun kara na iya sake yin saiwa. Ko da bai yi ba, ruwan da ke cikin karan kan ishe ta ta ƙarasa nunar da irin da ta ɗauka.

Na uku ya fi ban mamaki. A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan tsiro ke shan iskar da yake haɗa abincinsa da ita, ta nan kuma ruwa ke fita daga jikinsa. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe su, shi ya sa suke yaushi a zafi. Fasa-ƙaba idan ta ji fari sai ta juya tsarin: ta rufe ƙofofin da rana, ta buɗe da dare lokacin sanyi, ta adana abin da ta sha a matsayin wani ruwa mai tsami, gari ya waye ta yi aiki da shi. Saboda haka wadda ta sha fari, idan aka tsinke ta da sassafe ta fi tsami, ta yamma kuma ta fi laushin ɗanɗano. Kuna iya gwada wannan da harshenku.

Albasa ba ta iya gasa da irin wannan haki, domin ganyenta siriri ne ba ya yin inuwa, saiwarta kuma ba ta nisa. Don haka a tuge fasa-ƙaba tun tana ƙarama kafin ta yi fure, a fitar da ita daga garka gaba ɗaya. Tunda irinta na bukatar haske, rufe ƙasa da kara ko ƙaiƙayi na rage fitowarta. Wadda aka tuge tana ƙarama kuma ita ce ta fi daɗin ci, ka ga jifa ɗaya ya yi aiki biyu.

*Misali na 2.* A ce tsiro guda ya zubar da iri 20,000. Mai garka ya bar tsiro 5 a gefen fangali har suka nuna. 20,000 sau 5 ya zama 100,000. Ko da ɗaya cikin ɗari ne kawai ya tsira baɗi, 100,000 a raba da 100 ya ba da tsiro 1,000 da zai tuge da hannunsa.

5. Amfaninta a abinci

Ana cin ganyen da ɗanyen karan. Ana tafasa ta a tsane a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji, ana sa ta a dambu ko fate, ana kuma jefa ta a miya, inda ɗan yauƙinta ke ƙara wa miyar kauri. A Masar da Sudan, inda ake ce mata rijla, sayar da ita ake yi a kasuwa a dafa da nama ko da irin wakensu. A Faransa akwai irin da ake shukawa musamman don ci.

Tana ɗauke da bitamin A da C da E, da sinadaran da jiki ke bukata irin su fotashiyam da maganiziyam. Tana kuma cikin ganyayen da suka fi yawan wani irin mai da ake kira omega-3, mai amfani ga zuciya. Rashin bitamin A ne ke kawo dundumi ga yara da mata masu ciki. Jiki ba ya ɗaukar wannan bitamin sosai sai da maiƙo, saboda haka ƙuli-ƙuli ko ɗan man gyaɗa da iyayenmu ke sa wa kwaɗo daidai yake da abin da likitoci ke faɗa.

Akwai magana da ya kamata a faɗa a fili. A 2005, bayan fari da farar ɗango na 2004, mutane da yawa a jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram sun rayu da anza da ganyayen daji. Tun kafin nan ma, da kuma bayansa, wasu na jin kunyar a gan su da ƙwaryar haki, don kada a ce gidansu babu hatsi. A ganina wannan kunya asara ce. Ganye ba ya maye gurbin hatsi, gaskiya ne, amma hatsi ma ba ya maye gurbin ganye. Gidan da rumbunsa ke cike yana bukatar sa kamar gidan da babu.

*Misali na 3.* Kusan kashi 93 cikin 100 na ɗanyar fasa-ƙaba ruwa ne. Idan mace ta tsinko kilo 10, ruwan da ke ciki kilo 9 ne da giram 300, abin da ya rage giram 700 ne kawai. Wannan ya nuna abu biyu: ba za ta ƙosar da mai aikin ƙarfi ita kaɗai ba, sai an haɗa da tuwo ko dambu, kuma shanya ta na ɗaukar lokaci. Mai son ajiyewa ya fara tsoma ta a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, sannan ya shanya a inuwa inda iska ke ratsawa.

6. Magani da kiwo, da inda ya kamata a tsaya

Tun da daɗewa ana daka ɗanyen ganyen a ɗora a kan kumburi ko maruru don ya huce, ana kuma shan ruwan dafuwarta don sauƙaƙa fitsari. Sanyinta da yauƙinta na rage raɗaɗi a fata. Amma kada a ɗora ta a kan buɗaɗɗen ciwo, domin ƙasar da ke jikinta na iya shigar da cuta. Akwai kuma kumburi iri uku da ba na ganye ba ne: kumburi mai tafe da zazzaɓi, kumburin ƙafafun ƙaramin yaro wanda kan zama alamar tamowa mai tsanani, da kumburin fuska da hannuwan mace mai ciki wanda kan zo da hawan jini. Waɗannan a kai su gidan likita a ranar, kada a jira gobe.

Fasa-ƙaba na da wani sinadari mai suna okzalat. Mai fama da tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda ya guje ta. Ga sauran mutane, tafasawa a zubar da ruwan farko na rage shi, haka ma cin ta tare da nono. Kaji na son ta ƙwarai, tumaki da awaki ma na ci. Sai dai kada a tara wa dabbar da ta kwana da yunwa tuli guda, don yawanta a cikin wofin ciki na iya kayar da ita. A gauraya da harawa ko wata ciyawa.

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne maganin feshi. Garkar albasa ana yi mata feshin ƙwari, kuma hakin da ke kwance a ƙasa yana shan maganin kai tsaye. Hakin da aka fesa wa maganin kashe ciyawa ba a cin sa sam, ba a kuma ba dabba. Wanda ya fito a juji, ko kusa da masai, ko a magudanar ruwan wanka, a bar shi. Mafi alheri mai garka ya ware ɗan gefe da ba ya fesawa, iyali su riƙa tsinka a nan, a wanke da ruwa mai tsabta, a dafa.

> Akwati na 3
> Kwanakin jira: adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani, waɗanda dole su wuce tsakanin feshi da tsinkar abin ci.
> Okzalat: sinadari a cikin wasu ganyaye, wanda idan ya yi yawa a jiki yake taimakawa wajen haɗuwar tsakuwa a ƙoda.

*Misali na 4.* Wani manomi a Sabon Gida ya yi feshi ranar Litinin, 3 ga wata. Takardar maganin ta ce a jira kwana 14. 3 a tara da 14 ya zama 17. Ba za a tsinki komai a fangalin ba kafin Litinin, 17 ga wata. Idan ya sake feshi ranar 10, lissafi ya koma sabo: 10 da 14, sai 24 ga wata. Wajibi ne ya gaya wa matan gida da yaran da ke shiga garkar.

7. 'Yan'uwanta na kusa da na nesa

Ba ita kaɗai ba ce hakin da ake ci a Adar. Gasaya na da ganye mai yatsu biyar da farin fure da ƙamshi mai ƙarfi, ana tafasa ta a zubar da ruwan don rage ɗaci. Rukuɓu ɗan'uwan alayyafo ne. Tafasa na cika fili da damina, ganyenta ake ci, ɗanyun 'ya'yanta kuwa na cutar da dabbobi idan suka ci da yawa. Lalo na ba miya yauƙi. Yaɗiya kuma na nan kore har cikin rani.

A ƙasashen sanyi akwai haki mai irin wannan matsayi, sunansa na kimiyya *Stellaria media*. Asalinsa Turai da Asiya, yana kwanciya a garka, yana son inuwa da ƙasa mai sanyi da laima, shi ya sa zafin Adar bai dace da shi ba. Furensa fari ne mai siffar tauraro, kunnuwa biyar ne amma kowanne a tsage, sai a zaci goma ne. Ana gane shi da layin gashi guda da ke bin gefe ɗaya na karansa. Turawa na ba kaji da tsuntsayen keji, suna cin sa ɗanye, suna kuma ɗora shi a fata mai ƙaiƙayi. A Japan yana cikin ganyaye bakwai da ake dafawa da shinkafa ranar 7 ga Janairu. Masana sun sa shi da fasa-ƙaba da rukuɓu da gadon maciji a babban rukuni guda na tsirrai.

Tambayoyin bita

1. Kawo alamomi huɗu da ake gane fasa-ƙaba da su.
2. Ka karya karan wani haki mai rarrafe, farin ruwa ya fito. Me za ka yi da shi, kuma don me?
3. Me ya sa sunan babba-jibji kaɗai bai isa a dogara da shi ba?
4. A waɗanne wurare na garinku fasa-ƙaba ke fitowa? Waɗanne ne daga cikinsu bai kamata a tsinka don ci ba?
5. Bayyana dalilai uku da suka sa take da wuyar kashewa a garkar albasa.
6. A ce tsiro guda na zubar da iri 15,000, an bar tsiro 8 suka nuna. Iri nawa suka zube?
7. An yi feshi ranar 5 ga wata, kwanakin jira 21 ne. Wace rana ce ta farko da za a iya tsinka?
8. Me ya sa ake son a sa ƙuli-ƙuli ko mai a kwaɗon ganye?
9. Faɗi kumburi iri uku da dole a kai gidan likita.
10. Aikin gida: ku tambayi wata dattijuwa a unguwarku sunayen hakin da ake ci a zamanin ƙuruciyarta, da yadda ake dafa kowanne. Ku rubuta sunayen, ku sa alama a kan waɗanda har yanzu ake samu, ku kawo ganye guda na kowanne zuwa aji na gaba.